Wutsiyar Insha'i

Duk lokacin da na zo gida hutu aka tambaye ni sana'ar da nake yi a Amurka, na ce koyarwa, ba wanda yake mamaki. Sai in na ƙara da cewa adabin Amurkawa nake koya wa 'ya'yan Amurkawa, tare da yadda ake rubutu da Turanci, a nan ne za ka ga an dube ni an sake dubana, kamar wanda ya ce fataucinsa shi ne kai gishiri Bilma. To amma haka abin yake. Tun shekarar 2011 nake wannan aiki a wata makarantar sakandare ta Kirista da ke yammacin jihar Mishigan, ba nisa da birnin Grand Rapids. Ɗalibaina 'yan aji na 11 ne, wato 'yan shekara 16 zuwa 17, domin a yawancin makarantun ƙasar a wannan ajin ne ake karanta adabin gida.

Yadda aka yi ɗan Takum ya tsinci kansa a can ba wani abin al'ajabi ba ne. Mutanen wannan yanki jikokin 'yan ƙasar Holan ne da suka fara isowa a 1847, suka kafa gari suka raɗa masa sunan ƙasarsu, suka kafa cocinsu, suka gina makarantunsu da kuɗin aljihunsu. Daga wannan coci ne wata mata mai suna Johanna Veenstra ta taso ta iso Nijeriya a 1920, ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum har shekarar da ta rasu, 1933. Hanyar da ta biyo ta zo ita na bi na tafi, bayan na gama digirin Turanci a Zariya.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ake nufi da makarantar Kirista a can. Makarantar gwamnati kyauta ce, amma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1962 da na 1963 aka hana malami ya jagoranci addu'a ko karatun ibada a cikinta. Saboda haka wanda yake son ɗansa ya yi karatu a inuwar addini, sai ya biya. Ba duk irin waɗannan makarantu ne tarihinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda aka buɗe a kudancin ƙasar bayan 1954, lokacin da kotu ta ce a haɗa baƙar fata da farar fata a aji ɗaya, kuma don a kauce wa wannan hukunci aka buɗe su. Irin tamu ta girmi wannan rigima da nisa. Iyaye ne suka mallake ta, su suke zaɓen hukumar gudanarwa daga cikinsu. Albashinmu bai kai na malaman gwamnati ba, kowannenmu ya sa hannu a takardar bangaskiya kafin a ɗauke shi, kuma kwantiragin shekara ɗaya ne, a sabunta ko a ƙi. Ma'ana dai, duk littafin da na miƙa wa yaro, na san akwai uban da ya biya kuɗi masu yawa don a kare masa wannan yaron daga wani abu, kuma yana iya yiwuwa littafin nan yana cikin abin da yake gudu.

Bari in fara da daɗin aikin, don yana da daɗin da malamin makarantar gwamnati ba ya samu. Adabin Amurka a jiƙe yake sharkaf da Littafi Mai Tsarki, kuma yarana sun taso da shi tun suna goye. In muka karanta wani yanki na Moby-Dick, wanda Herman Melville ya fitar a 1851, ba sai na tsaya bayanin abin da ya sa aka kira mai ba da labarin Isma'ilu ba, ko abin da ya sa kyaftin ɗin jirgin ya ci sunan Ahab. Kafin in rufe baki wani ya ɗaga hannu ya ce ai Ahab mugun sarkin nan ne mijin Yezebel. Wa'azin da ke farkon littafin a kan Annabi Yunusa da kifi kuwa, sun san shi kamar yunwar cikinsu. Haka in na ambaci East of Eden na Steinbeck, nan take su hango 'ya'yan Adamu biyu, wanda ya kashe da wanda aka kashe. Wata abokiyar aikina da ta koyar a makarantar gwamnati kafin ta dawo wurinmu ta ce a can sai ta ɓata rabin darasi tana ba da labarin da yaranmu suka haddace a makarantar Lahadi suna 'yan shekara shida.

Sai dai wannan sanin yana zuwa da nasa ciwon, kuma shi ne ainihin abin da nake fama da shi. Yaron da ya taso yana jin labari a coci ya saba da cewa kowane labari yana da darasi guda ɗaya da ke jira a ƙarshe, kuma aikin mai sauraro shi ne ya yi sauri ya cafko shi. Da ya cafke, shi ke nan, ya huta, labarin ba zai ƙara damunsa ba. Ɗalibaina gwanaye ne a wannan. Suna da ladabi, suna yin aikin gida, kuma cikin minti biyar za su mayar maka da littafi mai shafi ɗari uku ya koma jimla ɗaya da za a iya liƙawa a bango.

Muna fara shekara da Furitan, mutanen nan masu tsananin addini da suka baro Ingila suka sauka a gaɓar Masacusets daga 1620. Mu karanta waƙar Anne Bradstreet a kan gobarar da ta cinye gidanta a 1666, sannan wa'azin da Jonathan Edwards ya yi a garin Enfield a 1741, inda ya kamanta mai zunubi da gizo-gizon da aka riƙe a saman wuta. Yaran kan yi 'yar dariyar tsoro, don fastocinsu na yanzu ba su yin irin wannan wa'azi. Ba na daɗewa a nan.

Inda muke fara yin gumi shi ne The Scarlet Letter na Nathaniel Hawthorne, na 1850. Labarin wata mata ce, Hester Prynne, a birnin Boston na farkon zamani, da ta haihu mijinta ba ya gari, aka yanke mata hukuncin yawo da jan harafi a ƙirji don kowa ya san abin da ta aikata, ta kuma ƙi faɗin uban 'yar. Uban kuwa faston garin ne, wanda ya yi shekara bakwai yana ɓoyewa. Ka ba yara talatin su yi rubutu a kai, ashirin da biyar za su ce darasin shi ne zunubi ba ya ɓuya, sauran biyar su ce kada mu yanke wa kowa hukunci. Duka gaskiya ne, kuma duka ba sai ka karanta littafin ba kafin ka faɗe su. Sai in tambaye su: a ƙarshen labarin, wa ya fi kowa jinyar marasa lafiya da taimakon matalauta a garin? Su ce Hester. Na ce to me ya sa wa'azin faston yake ƙara ratsa jama'a daidai lokacin da cikinsa yake ƙara ruɓewa? Nan aji yakan yi tsit, don kowannensu ya san wani fasto da yake ƙauna. Daga nan nakan gaya masu cewa kakan kakan marubucin, John Hathorne, yana cikin alƙalan shari'ar maita ta Salem a 1692, inda aka rataye mutum 19. Wato mutumin nan ba daga waje yake jifan masu addini ba. Danginsa yake tonawa.

Wannan ita ce maganar da nake so su gane tun da wuri, domin littattafan da suka fi tsanani a manhajarmu ba marasa addini suke tuhuma ba, masu zuwa coci suke tuhuma, kuma da ma'aunin cocin kansa. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar littafin Frederick Douglass na 1845, inda ya ba da tarihin rayuwarsa ta bauta a jihar Merilan kafin ya tsere a 1838. Littafin ɗan siriri ne, yaro zai iya gama shi a dare biyu, amma ban taɓa koyar da shi aji ya fito yadda ya shiga ba. Douglass ya faɗi yadda uwargidan da aka kai shi wurinta a Baltimo ta fara koya masa baƙaƙe, mijinta ya hana, yana cewa ilmi zai lalata bawa, da yadda wannan hanin ne ya nuna masa inda ƙofar fita take. Wannan yaran suna so, don ya dace da abin da ake gaya masu kullum a kan amfanin karatu. Abin da ba su so shi ne abin da ya biyo baya. Ubangidansa Thomas Auld ya je wani babban taron farkawa na cocin Metodis ya tuba, Douglass ya sa rai ko za a 'yanta su, ko aƙalla a sassauta. Sai mutumin ya dawo ya fi da mugunta, don yanzu ya sami ayar da zai jingina da ita. Gidansa ya zama masaukin masu wa'azi, ana addu'a safe da yamma, bayi kuwa suna kwana da yunwa. Ya kan ɗaure wata gurguwar baiwa ya yi mata bulala yana janyo nassi. Makarantar Lahadin da aka fara don koya wa bayi karatu kuma, shugabannin cocin ne da kansu suka zo da sanduna suka tarwatsa ta.

Abin da yara suke fara yi shi ne su ce ai waɗannan ba Kiristocin gaske ba ne. Douglass ma a ƙarshen littafin ya bambanta addinin masu bayi da addinin Almasihu, don haka suna da madogara. Amma ba na barinsu su tsaya nan, domin mafaka ce mai sauƙi. Nakan ce masu Thomas Auld bai san shi ba na gaske ba ne. Yana addu'a, yana ba da baiko, maƙwabtansa suna ganin girmansa, da a ce yana da ɗa a zamaninmu da irin makarantarmu zai sa shi. Tambayar da nake rubutawa a allo ita ce, ta yaya mutum zai gane yana cikin irin wannan hali alhali duk wanda yake girmamawa yana gaya masa daidai yake?

Amsar da ta fi kowace kaifi tana cikin Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a Amurka a 1885, kuma a shekarar ce ɗakin karatu na garin Concord ya kore shi daga kantocinsa. Har yau ana korarsa nan da can, galibi saboda kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata da ta fito sau 219 a ciki. A 2011 ma an buga wani bugu da aka cire ta aka sa kalmar bawa a gurbinta. Ni asalin nake koyarwa, amma ba mai furta kalmar a ajina, har ni. Wata uwa baƙar fata, wadda 'yarta kaɗai ce baƙa a ajin a shekarar, ta taɓa ce mini, "Malam, kai daga Afirka ka zo. Ba a taɓa jifan kakanka da wannan kalma ba." Gaskiya ta faɗa, launinmu ɗaya amma tabon ba ɗaya ba ne. Muka zauna muka shirya yadda za a yi makonnin nan ba tare da an mayar da yarinyar abin kallo ba.

Abin da ya sa nake jure wannan wahala duk shekara shi ne babi na 31. Huck, yaro marar gata, yana tafe a kogin Misisifi tare da Jim, bawan da ya gudu. Duk abin da aka koya masa a gari da coci ya nuna masa taimakon bawa ya gudu sata ce, kuma mai yinta ɗan wuta ne. Ya zauna ya rubuta wasiƙar da za ta tona inda Jim yake, ya ji zuciyarsa ta yi wasai kamar an wanke shi daga zunubi. Sai ya tuna zamansu, da kirkin mutumin, ya yage wasiƙar, yana mai yarda har zuciyarsa cewa ya zaɓi wuta ke nan. A wata makarantar sai malami ya yi bayanin nauyin wannan zaɓi. A tawa ba a bukata, don yaran sun yarda akwai wutar. Wata shekara wata yarinya ta ɗaga hannu, muryarta tana rawa, ta ce, "Malam, ke nan lamirinsa ƙarya yake yi masa? Mu fa an ce mu riƙa sauraron lamirinmu." Muka kwashe sauran lokacin a kan yadda gari yake iya horar da lamirin yaro har ya riƙa jin zafin alheri yana jin daɗin mugunta. Aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Rabin aikina ke nan. Ɗaya rabin shi ne rubutu, kuma a nan ne ciwon da na ambata yake fitowa da kyau. Yaran Amurka ana koya masu insha'i mai sakin layi biyar: gabatarwa, hujja uku, kammalawa. Nawa yaran sun ƙara na shida, ni nake kiransa wutsiya. Yaro zai rubuta shafi uku masu rai a kan mutuwar ƙanensa, ko rabuwar iyayensa, sai a ƙarshe muryarsa ta sauya tamkar wani ne ya karɓi alƙalamin, ya ce amma daga wannan ya koyi cewa komai yana da dalili, ya liƙa aya, ya rufe. Ba na cewa ƙarya yake yi. Wataƙila wata rana ya kai ga wannan matsayi da gaske. Amma a ranar da ya rubuta bai kai ba, ya dai san abin da ake so a ji ne.

Mu ma da muke karanta littattafan Hausa mun san wannan wutsiya. Sau nawa marubuciya za ta kwashe littafi uku tana ba mu labari mai motsa rai, sannan a shafin ƙarshe ta juyo ta ce ta yi ne don faɗakarwa, ta jero darussa? Ban ga laifinta sosai ba, wanda ya tuna an taɓa tara littattafan hikaya an cinna masu wuta a Kano a 2007 ya san abin da take karewa. Tsoron iyaye iri ɗaya ne ko'ina, kuma wutsiyar nan ita ce ɗan abin da marubuci yake miƙa wa mai gadi don a bar shi ya wuce.

Don in nuna wa yara cewa mai addini yana iya rubutu ba da ita ba, nakan kawo masu Flannery O'Connor, 'yar Katolika daga jihar Jojiya, mai tsananin ibada, wadda ta rasu a 1964 tana da shekara 39. A gajeren labarinta mafi shahara, wani iyali sun kama hanyar yawon hutu, suka faɗa hannun wani da ya tsere daga kurkuku, aka kashe su kaf. Kakar gidan, mai yawan surutu da ganin kanta mutuniyar kirki, sai a daƙiƙar ƙarshe ta dubi makashin da tausayi na gaske, ta miƙa hannu ta taɓa shi, ya harbe ta. Babu sharhi, babu aya. Yaran suna tsanar labarin a karon farko, kuma shi ne wanda tsofaffin ɗalibai suka fi tuna mini in mun haɗu a kanti.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuwa, abin ya ƙara fitowa fili, don ba abin da na'urar nan ta iya kamar wutsiya. Ka ce ta rubuta maka insha'i a kan jarrabawar rayuwa da bangaskiya, za ta ba ka shi sumul, da darasinsa a ƙarshe. Yanzu daftarin farko da hannu ake yinsa a cikin aji, a littattafan rubutu da suke kwana a kabad ɗina. Amma dokata ta girmi na'urar. A zango na ƙarshe kowa yana rubuta insha'i a kan wani abu daga rayuwarsa, kuma sharaɗin shi ne ba darasi a ƙarshe. Ka faɗi abin da ya faru, da abin da ka gani, ka tsaya inda saninka ya tsaya.

Wannan doka ce ta kusa raba ni da aikina a 2018. Akwai wani yaro shiru-shiru, ɗan manoma. Yankinmu ya shahara da noman wasu 'ya'yan itace ƙanana shuɗɗa da ake kira bulubari, kuma masu tsinkarsu a watannin Yuli da Agusta galibi 'yan ci-rani ne masu jin Sifaniyanci, da suke bin kaka daga jiha zuwa jiha da iyalansu. Yaron ya rubuta a kan kakansa, wanda bai daɗe da rasuwa ba, dattijon ikilisiya, mutumin da ba a cin abinci a gidansa sai an karanta nassi. Ya ce tun yana ɗan shekara shida yake wasa da wani yaro ɗan masu tsinka, duk damina, har suka kai sha biyu. Sun yi iyo tare, sun yi faɗa, sun shirya. Amma abokin nan bai taɓa taka cikin gidansu ba, ko sau ɗaya, ruwa ma a bakin ƙofar baya ake miƙa masa. Ba wanda ya taɓa cewa kada ya shigo, haka dai abin yake. Kuma sai da muka karanta Douglass ya lura cewa bai san sunan mahaifin abokin nasa ba, wato sunan da iyalin suke amsawa. Daftarin farko ya ƙare da cewa dukanmu masu zunubi ne, Allah ne mai hukunci. Na ja layi a kan wannan da jan biro, na rubuta a gefe cewa sauran shi ne mafi kyawun abin da na karanta a shekarar, kuma ina so a buga shi a mujallar makaranta.

Bayan kwana huɗu shugabar makaranta ta kira ni ofis. Na tarar da uban yaron zaune da takardar a hannu, kuma yana cikin hukumar gudanarwa. Bai ɗaga murya ba, mutanen nan ba su iya hayaniya ba. Ya ce, "Malam, mahaifina ne wannan. Ko shekara bai yi a ƙasa ba. Na kawo ɗana nan ne don duniya kullum tana gaya masa mutanensa munafukai ne, a talabijin, a waya, ko'ina. Ina biyan kuɗi don ya sami wuri ɗaya da za a gaya masa wani abu dabam. Sai ga shi an koya masa ya auna kakansa da mai bayi, kuma layi ɗaya da ya rubuta na jinƙai, shi ka soke."

Ban raina maganarsa ba, har yau ban raina ta ba. Akwai malaman adabi da suke jin daɗin rushe wa yaro abin da ya gada, su tafi su bar shi a kango, kuma uba yana da haƙƙin ya ji tsoronsu. Na ce masa, "Yallaɓai, ɗanka bai kira kakansa mai bayi ba, ka sake dubawa. Shafi biyu ya yi yana faɗin yadda yake ƙaunarsa. Abin da ya gani ya faɗa. Layin da na soke kuwa, da a kan kowa ne a duniya zai zauna daidai, shi ya sa bai ce komai a kan mahaifinka ba. In yana so ya yi masa jinƙai, ya yi masa da abin da ya sani game da shi." Ya ce wannan wasa da kalmomi ne. Shugaba ta ce za ta kai maganar gaban kwamitin manhaja.

Sati uku na yi ban san matsayina ba, kuma lokacin sabunta kwantiragi ne, ga yara biyu a gida. Hukuncin da ya fito bai ba kowa duka ba. Douglass da Twain suna nan. Dokar wutsiya tana nan. Amma daga shekarar, duk rubutun da ya shafi iyalin ɗalibi ba a buga shi a mujalla sai iyaye sun sa hannu, kuma dole in aika wa iyaye wasiƙa a farkon zango in bayyana aikin. Uban bai sa hannu ba, ba a buga insha'in ba. Aka sabunta mini kwantiragi, shi kuma ya ci gaba da gaishe ni a coci da kai kawai.

Ana saura kwana kaɗan a rufe makaranta yaron ya tsaya bayan an tashi. Ya ce ya je wurin kakarsa ya tambaye ta sunan. Ba ta tuna ba, amma ta ɗauko masa littafin lissafin gona na marigayin. Sunan iyalin yana ciki, cikakke, da rubutun hannun tsohon, shekara bayan shekara. A shekarar da yaran suke tara kuma akwai wani layi dabam: kuɗin asibitin uwar abokin nasa, da aka yi mata aiki, tsohon ne ya biya duka, kuma babu inda ya nuna an cire daga ladansu. Ko kakar ba ta sani ba sai ranar.

Ya ce, "Malam, yanzu sai in yage wancan ke nan?"

Na ce, "Abin da ka rubuta na ƙofar baya, ya faru ko bai faru ba?"

Ya ce ya faru.

"Wannan fa?"

Ya ce shi ma.

Na ce to ya sa duka biyun. Ya tambaya wanne zai zo a ƙarshe, na ce wannan shi zai zaɓa, ni na riga na ba da maki. Ya kawo mini sabon ranar da ake kwashe kaya daga aji, ya ƙaru da shafi ɗaya da rabi. Ya sa littafin lissafin a tsakiya, ya ƙare da bayanin ƙofar bayan kanta, mai ragar sauro da ƙugiyar da ba ta kamawa sosai, wadda ya ce har yanzu ba a gyara ba. Ya roƙi in buga masa kwafi biyu a injin ofis, ɗaya na kakarsa, ɗaya kuma ya ce zai ajiye wa babansa a cikin motar gona.